An ce in buga kuɗin fim, hoton yana cikin kwamfutata: na taka doka?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da 'yar ƙaramar maɗaba'a a Kano, katin biki da kalanda da fosta nake bugawa. Wani furodusa ya kawo mini aiki, yana son bandir-bandir na 'yan dubu-dubu da dala ɗari-ɗari waɗanda za a cika jaka da su a fim. Na ɗauki hoton dubu ɗaya gaba da baya na ajiye a kwamfuta, amma da na zo kan dala sai Photoshop, manhajar gyaran hoto, ya ƙi buɗe hoton. Yaron shagona ya ce akwai mai sayar da hoton da aka riga aka gyara a WhatsApp. Ban buga ko ɗaya ba tukuna. Wani abokin sana'ata ya ce ba komai, tunda ba kashewa za a yi ba. Amma wallahi kwana biyu ke nan ba na iya barci. Ina da iyali, a taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Rashin barcin nan naka ya fi shawarar abokinka amfani. Ka dakatar da aikin, kuma kada ka bari yaronka ya sayi hoton nan ko da kyauta aka ba shi.

Maganar abokinka ita ce na fi ji a bakin mutane, kuma ita ce take ƙona mini rai: wai laifin jabun kuɗi ba ya tabbata sai an kai kasuwa an yi sayayya. Ban san inda aka samo wannan fatawa ba. Masu maɗaba'a na faɗi, masu gyaran hoto na faɗi, har da waɗanda suka yi boko mai zurfi. Dokar jabun kuɗi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1984 kuma take aiki har yau, ta rarraba laifukan ne ɗaya bayan ɗaya. Buga jabun laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai. Ƙera kayan bugawar ko ajiye su wani laifi ne daban, shi ma mai nauyin gaske. Kashewa kuma nasa sashen daban. Wato mutum yana iya tsayawa gaban Babbar Kotun Tarayya alhali ko ƙwayar takarda ɗaya ba ta fita daga shagonsa ba. Dalilin a fili yake: in hukuma za ta jira sai kuɗin sun shiga hannun mai sayar da tumatir a 'Yankaba, ai aikin gama ya gama. Don haka aka tare abin tun daga farantin bugu da tawada.

Kuma kada wani ya ce maka dala ba kuɗinmu ba ce. Dokar ta haɗa da kuɗin wasu ƙasashe. Ban da ita, sashe na 20 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya yanka ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga mai buga jabun naira. Dokar damfara ta 2006 kuma ta ce duk wanda ba Babban Banki ba, in ya buga takardar kuɗi ko ya nuna yana iya bugawa, zai sha ɗaurin shekara 5 zuwa 15 babu zaɓin tara. A wannan sashe ne aka saka masu cewa suna wanke baƙar takarda ta zama kuɗi da bokayen da ke cewa suna ninka kuɗi. Ka ga irin zugar da mutum zai tsinci kansa a ciki saboda aikin da ladansa bai taka kara ya karya ba.

Na san za ka ce niyyarka fim ce. Na yarda da kai. Sai dai alƙali ba ya buɗe ƙirji, abin da aka ɗora a tebur yake dubawa. Ka yi tunanin abin da jami'i zai kwasa in ya shigo shagonka gobe: hoton dubu ɗaya gaba da baya, daidai girmanta, daidai launinta, ga firinta mai kala, ga injin yanka takarda, ga saƙo a wayar yaronka yana cinikin hoton dala da wanda ba ku taɓa gani ba. Wannan jeri shi ne ainihin abin da ake samu a ɗakin masu jabu. A ranar furodusan yana iya kashe wayarsa. Ko da daga ƙarshe kotu ta wanke ka, an kwashe injinanka a matsayin shaida, shago a rufe, kana zarya wajen neman beli. Sannan wa ya ba ka tabbacin cewa bayan an gama ɗaukar fim wani ba zai zari 'yan ƙwayoyi daga jakar ba, ya miƙa wa mai shayi da daddare ko ya kai wurin liƙi? In aka bi sawu, ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Shi kuwa Photoshop ba lalacewa ya yi ba. Manyan bankunan wasu ƙasashe ne suka haɗu suka samar da wata fasaha da ke gane hoton kuɗi, aka dasa ta a manhajar da wasu injinan kwafi. Mai sayar da hoton da ya tsallake wannan shinge ya san abin da yake yi. A Amurka ma tun 2001 aka shigar da hoton kwamfuta ƙarara cikin sashen da ya haramta farantin buga jabu. Wanda zai yi amfani da hoton dala mai launi a can, dole ya zama fuska ɗaya, girmansa ƙasa da kashi 75 cikin 100 na asali ko sama da 150, a kuma goge hoton bayan an gama. Wannan ƙa'idarsu ce, ba za ta kare ka a kotun Najeriya ba, amma tana nuna maka yadda masu kuɗin suka ɗauki lamarin. Haka nan rubuta “kuɗin fim” da ƙananan baƙaƙe a gefe ba ya wanke takardar da za ta iya ruɗar mutum a duhu.

Abin yi: ka goge hoton nairar daga kwamfuta da filashi da waya, tunda babu wanda ya gayyace ka bincike. In da an riga an gayyace ka, to kada ka taɓa komai, ka nemi lauya tukuna. Idan furodusan yana son aikin da gaske, ka zana masa kuɗin wata ƙasa ta ƙage, da suna da hoto da launi waɗanda ba su yi kama da na kowa ba, fuska ɗaya, kuma ya ba ka odar a rubuce da sunan kamfaninsa da sa hannunsa. In ya dage sai mai kama da ta gaske, ka mayar masa da kafin alƙalaminsa.