Yaya Rayuwar Masu Tuƙa Amalanken Soja Take a Yaƙin Basasar Amurka?

Tambaya: Na ji ana cewa a Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da amalanke ake kai wa sojoji abinci da harsasai. Yaya aikin mai tuƙin yake, kuma me ya samu bayan yaƙi?

Amsa: Malam, haka ne. Jirgin ƙasa da na ruwa suna kai kaya har inda hanyarsu ta tsaya, daga nan sai amalanke. A rundunar Arewa alfadarai 6 ne ke jan guda ɗaya, biyu-biyu a jere. Mai tuƙi ba ya zama cikin amalanken. Sirdi yake ɗaura wa alfadarin hagu na kusa da taya, ya hau, ya riƙe igiya ɗaya tak da ta kai ga na hagu a sahun gaba. In ya ja ya riƙe, sai su yi hagu, in ya fizga-fizga, sai dama.

Babbar wahalarsa ciyar da dabbobin ne. Ka'idar soja ta ba kowane alfadari kusan kilo 6 na busasshiyar ciyawa da kilo 4 na hatsi a rana, wato su shidan suna cin sama da kilo 60. Amalanken kuwa, in hanya ta yi kyau, abin da take ɗauka bai wuce tan ɗaya da ɗoriya ba. Duk ranar da aka ƙara a hanya, lodin mutane raguwa yake, don abincin dabbobin ma a cikin lodin yake. An ga haka a garin Chattanooga na jihar Tennessee a Oktoban 1863, lokacin da aka tilasta wa amalanku zagayen dutse na kusan mil 60. Dawakai da alfadarai kusan 10,000 suka mutu, kuma mahayan Janar Wheeler na rundunar Kudu suka ƙone amalanku ɗaruruwa.

Kafin asuba zai ba su abinci da ruwa, ya duba kafaɗunsu, don abin wuya in bai zauna daidai ba gyambo yake yi. Sai ya shafa wa sandar taya maiƙo, in ba haka ba ta yi zafi ta cinye. Da rani katakon taya yana bushewa ya tsuke, zoben ƙarfen ya yi sako-sako ya fice, shi ya sa ake jiƙa shi a rafi. Da damina kuwa taɓo ne, har sai an jera gungume a hanya kafin a wuce.

Batun bayan yaƙi ya danganta da takardarsa. Wanda aka ɗauka soja aka ba shi tuƙi yana da haƙƙin fansho, kuma dokar 1890 ta ba wanda ya yi kwana 90 a soja, in ya kasa aikin ƙarfi, dala 6 zuwa 12 a wata. Amma da yawa ƙwadago aka ɗauke su, cikinsu har da baƙaƙen fata da suka tsero daga bauta. Waɗannan galibi fanshon soja bai kai gare su ba, alhali taɓo ɗaya da haɗari ɗaya suka sha, kuma a ganina an ci haƙƙinsu.