Fatawa: Wasan Gwada Sanin Juna a Walimar Ma'aurata

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu ƙawaye tara ne da muka gama makaranta tare, duk mun yi aure, muna zaune a Kaduna. Mun shirya walima bayan Babbar Sallah a gidan ɗaya daga cikinmu, kowacce za ta zo da maigidanta. A cikin shirin akwai wani wasa da aka ɗauko daga talabijin ɗin Turawa: a fitar da mazan waje, a yi wa matan tambayoyi a kansu, kowacce ta rubuta amsarta a kwali, sannan a shigo da su a maimaita musu. Gidan da amsoshinsa suka fi dacewa shi ya ci. A intanet muka samo tambayoyin. Akwai na abinci da ranar haihuwa, akwai kuma irin su "wace ce budurwarsa ta farko", "wane hali nasa ya fi ƙona miki rai", "in kun yi faɗa wa ke fara lallashi da dare". Kowane gida zai ba da naira 20,000, a yi girki da wani kaso, a sayi kyauta da ragowar. Maigidana ya ce zai zo ya ci abinci amma ba zai hau kujerar ba, har mun yi 'yar sa-in-sa, don ni kaɗai za a bari kamar marar miji. Wata a cikinmu da ta yi karatun addini ta ce babu laifi, ga hadisin Ummu Zar'in da mata suka zauna suka ba da labarin mazajensu. Mijin wata kuma ya ce koyi da kafirai ne. Malam, mene ne hukunci?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, 'yar'uwa, Allah ya albarkaci aurenki da na ƙawayenki.

Wanda ya ce koyi da kafirai ne bai dace da wurin ciwon ba. Wasa al'ada ce, asalin al'adu kuwa halacci ne, kuma wannan ba ibadar kowa ba ne balle ya zama alamar addininsu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabbar Rumawa. Don haka fitowar wasan daga Amurka ba ita ce matsalarsa ba.

Sai dai sanin inda ya fito yana nuna abin da aka ƙera shi ya yi. Shirin da ake kira The Newlywed Game ya fara a tashar ABC a 1966, wani mai suna Bob Eubanks na gabatarwa. Ana zaunar da ma'aurata huɗu, sababbin aure, a raba maza da mata kamar yadda kika bayyana, kyautar kuma yawanci kayan gida ne. Ba amsoshin da suka dace ne suka sa shirin ya yi tashe ba. In miji ya ce shinkafa, mata ta ɗaga kwali an rubuta shinkafa, babu mai dariya. Ana dariya ne lokacin da amsa ta saɓa, matar ta juyo ta harari miji ko ta maka masa kwalin a ka, ko kuma lokacin da aka sako tambayar shimfiɗa cikin sakaya, mutum ya rasa inda zai sa fuskarsa. A kan wannan aka gina shi. Shi ya sa jerin da kuka samo ya fara da abinci ya gangaro zuwa "da dare". Ba kuskuren wanda ya rubuta ba ne.

Kalmomin nan biyu, "da dare", su ne suka sauya hukuncin wasiƙarki. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa daga cikin mafi sharrin matsayi a wurin Allah ranar alƙiyama akwai mutumin da zai kaɗaita da matarsa, ta kaɗaita da shi, sannan ya yaɗa sirrinta. Malamai sun ce mace ma haka ne. Duk tambayar da amsarta sai an ɗage labulen ɗakinku, haramun ne a yi ta, haramun ne a amsa, ko da da murmushi ne, ko da da habaici ne, domin mazan nan takwas da ke zaune ba yara ba ne, sun san abin da ake nufi da lallashin dare. Kuma kowannensu zai tashi da wani hoto na matar wani a zuciyarsa, alhali shari'a ta hana mace ma ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana kallonta. Zaman maza da matan da ba muharramansu ba cikin kwalliyar Sallah ana shewa, wannan ba sai na ja miki aya ba. Kuɗin ma haka: matuƙar kyautar daga aljihun masu gasar ta fito, ɗaya ya kwashe takwas su yi asara, sunansa caca, ko an dafa shinkafa da rabinsa. Gyaransa mai sauƙi ne. Karo-karon ya tafi ga abinci kaf, in wani yana son ba da kyauta ya fitar daga dukiyarsa ba tare da shi yana cikin masu nema ba.

Maganar ƙawarku ce ke buƙatar a tsaya a kanta, domin hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma na san ba ita kaɗai ke kafa hujja da shi a irin wannan ba. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba Annabi labarin mata 11 da suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na labarin mazajensu ba. Ta farko ta ce mijinta naman ramammen raƙumi ne a kan tsauni, hawan ba sauƙi, naman ba maiƙo. Wata ta ce in ta yi magana a sake ta, in ta yi shiru a bar ta rataye. Wata ta ce nata in ya ci ya share akushi, in ya sha ya ƙarar, in ya kwanta ya naɗe shi kaɗai. Annabi ya saurara har ƙarshe, ya ce mata shi a gare ta kamar Abu Zar'in ne ga Ummu Zar'in. To, in ji masu wannan ra'ayi, ga tonon halin miji a taro, har da na kwanciya, kuma bai hana ba.

Abin da suka tsallake shi ne, Annabi bai halarci wannan zama ba, bai ji wata mace tana faɗin aibin mijinta ya ƙyale ta ba. Labari aka ba shi na wasu mata da suka shuɗe, ba a san su ba, ba a san mazajensu ba, a cikin ɗakin miji da matarsa. Malaman mazhabarmu sun daɗe da warware wannan. Imam Al-Maziri, wanda ya rasu a shekara ta 536 bayan Hijira, ya yi bayani cewa labarin waɗanda ba a sani ba ne, amma da a yau mace za ta siffanta mijinta da abin da yake ƙi, alhali masu sauraro sun san shi, to ta yi giba haramtacciya. Imam Nawawi ya kawo maganarsa a sharhin Muslim. Alƙali Iyad, wanda ya rasu a 544, littafi guda ya rubuta a kan wannan hadisi kaɗai. A walimarku kuwa kowa ya san mijin kowa, an san sunansa, an san wurin aikinsa, ga shi can a tsakar gida yana jiran a kira shi. Sannan matan nan 11 su kaɗai suka zauna, babu namiji ko ɗaya. Wanda zai ɗauki hadisin ya ɗauke shi duka.

Akwai wani abu a cikin hadisin da ya kamata ƙawarki ta sake dubawa. Ummu Zar'in, wadda aka sa wa hadisin sunanta, Abu Zar'in ya riga ya sake ta, tana auren wani mai kyauta da ya wadata ta. Amma ta ce da za ta tara duk abin da na biyun ya ba ta, ba zai cika mafi ƙanƙantar ƙwaryar Abu Zar'in ba. Ki ƙaddara mijin nata na biyu yana zaune a kujera ta ɗaga masa wannan a kwali gaban abokansa. Da auren zai kai gobe? Ta faɗi haka ne a inda ba zai ji ba. Tambayarku ta budurwar farko ita ce wannan, an dai juya ta.

Za a ce ai mazan sun yarda, wanda ya yarda kuwa ba a yi gibarsa ba. Wace irin yarda? Mutum takwas sun hau kujera, na tara ya ga in ya ƙi za a ce yana da abin ɓoyewa. Malaman fiƙihu suna cewa abin da aka karɓa da takobin kunya ba halal ba ne, kuma mutunci ya fi kuɗi cancantar wannan. Ko da ya yarda da zuciya ɗaya, bai san amsar da za ta rubuta ba, domin ginshiƙin wasan shi ne yana waje lokacin da aka tambaye ta. Sirrin shimfiɗa kuma ba nasa ne shi kaɗai ba balle ya yafe. Abin da aka faɗa a bayansa giba ne, in an maimaita a gabansa ana dariya ya koma izgili, Suratul Hujurat ta hana duka biyun aya biyu a jere.

Wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba: wannan wasa yana tilasta faɗin gaskiya a wurin da shari'a ta yi rangwamen rufewa. Ummu Kulsum 'yar Uƙba ta ce ba ta ji an yi sassauci a kan ƙarya ba sai a wurare uku, ɗaya daga ciki zancen miji ga matarsa da na mata ga mijinta, wato irin maganar da ke kwantar da rai ba wadda ke cinye haƙƙi ba. An kuma ruwaito cewa wani mutum a zamanin Sayyidina Umar ya haɗa matarsa da Allah ta gaya masa ko tana ƙinsa, ta ce e. Umar ya zarge ta, ya ce kaɗan ne gidajen da aka gina a kan soyayya, mutane suna zama ne da Musulunci da mutunci. A cikin gidaje tara da za su taru, ba ki san wanne ne ke tsaye da haƙuri kawai ba. Wata shekara biyar tana haɗiye wani hali, sai ga shi an miƙa mata alƙalami da kwali da 'yan kallo. Wani yana da mata biyu, da ɗaya ya zo, bidiyon kuwa kafin magariba ya kai wa ta gida ta WhatsApp. Ni dai ban ga kyautar da ta kai wannan ba.

Ku kuma ja kunnen mazanku a kan abu guda, ko an yi wasan ko ba a yi ba. Akwai masu saurin baki da in raha ta yi daɗi za su ce "in kika faɗi wannan a bakin aurenki". Saki yana cikin abubuwa uku da wasansu gaske ne, kuma wanda ya rataya saki a kan sharaɗi, sharaɗin ya auku, to a mazhabar Imam Malik ya auku. Ba a cewa ai dariya ake yi.

Yanzu ke. Na lura a wasiƙarki abin da ya fi damunki shi ne a gan ki zaune ba miji a gefe. Na fahimta, ba daɗi, musamman a tsakanin ƙawayen makaranta da kowa ke lura da gidan kowa. Amma dubi abin da maigidanki ya yi. Bai hana ki zuwa ba, bai zagi ƙawayenki ba, ya ce ma zai zo ya ci abincinku. Abu ɗaya ya ƙi, a baje ke da shi a faifai. Wannan kishi ne na kirki, kuma mata da yawa suna roƙon Allah ya ba su irinsa. Ki ba shi haƙuri a kan sa-in-sar, kada kuma ki kai wa ƙawayenki cewa shi ne ya ɓata shiri, domin wannan ma tonon gida ne. Ki ce kin tambaya an ce miki kaza, ki ɗora a kaina. Ƙawarku mai karatu kuma kada ku ƙure ta a cikin jama'a, ki same ta ita kaɗai ki karanta mata maganar Al-Maziri. Mai ilimi ba ya jin nauyin komawa.

Shi kansa wasan, in kuka ɗauke 'yan kallo, abu ne mai kyau. Annabi ya taɓa ce wa Nana A'isha ya san lokacin da take farin ciki da shi da lokacin da take fushi: in tana farin ciki tana rantsuwa da Ubangijin Muhammadu, in tana fushi sai ta ce Ubangijin Ibrahimu. Ta ce haka ne, amma sunanka kawai nake ƙauracewa. Ga tambayar sanin juna, ga amsa, tsakanin mutum biyu. Ki ɗauki kwalayen nan ki kai ɗaki bayan yara sun yi barci, ku yi ke da shi, wanda ya faɗi ya wanke kwanuka ko ya sayo tsire. Ko a nan ma ki bar tambayar budurwar farko, Allah ya ce kada ku tambayi abubuwan da in an bayyana muku za su ɓata muku rai.

In kuma lalle sai an yi wani abu a walimar, mata su zauna a falo, maza a tsakar gida, wata dattijuwa a cikinku ta tace tambayoyin tun kafin ranar a nuna wa kowane gida, su tsaya a kan irin miyar da ya fi so da sunan makarantar allonsa da surar da ya fi karantawa a sallah, yaro ƙarami ya riƙa kai kwali tsakani, a ajiye wayoyi, kuma duk wanda ya ce ba ya yi a ƙyale shi ba tare da tsokana ba. A haka ya halatta. Zan gaya miki gaskiya, ba zai kai na talabijin ban dariya ba, kuma wasu ƙawayenki za su ce an kashe armashinsa.

Allah ne mafi sani.