Amsa ga ɗan uwan da ƙaramar motarsa ke shan mai fiye da kima

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce ka sayi Corolla ƙirar 2006 'yar Kwatano wata takwas da suka wuce domin ka sami sauƙin kuɗin mai, amma yanzu lita goma ba ta kai ka kwana biyu tsakanin gida da wurin aiki, alhali ka canza fulogi, ka yi juyen baƙin mai, kuma bakanikenka ya ce sai an sauke inji. Ina roƙonka ka dakata da maganar sauke injin nan tukuna. Shekara tara ke nan ina hawa irin motarka, tawa ƙirar 2005 ce, a nan Kano, kuma na taɓa shiga halin da kake ciki har na kusa sayar da ita da asara, sai daga baya ta bayyana cewa abin da ya jawo matsalar ƙaramin abu ne da aka cire mata da hannu.

Kafin komai, ka auna abin da take sha da lissafi, domin allurar mai ba ma'auni ba ce, haka kuma adadin kwanaki. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, mafi yawanmu da naira muke lissafi ba da lita ba, kuma man dubu goma na bara ba shi ne na bana ba, saboda haka mutum yakan ɗora wa mota laifin da na farashi ne. Abin da za ka yi shi ne ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ƙaramar lambar tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba na kwana huɗu ko biyar, sannan ka koma gidan man nan, a kan famfon nan idan ya yiwu, ka sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da ka ƙona, sai ka raba nisan da ka yi da ita. Ka kuma lura da cewa yawancin waɗannan motocin daga Amurka aka shigo da su, kuma agogonsu mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, don haka wanda ya ga 100 a agogo ya yi tafiyar kilomita 160 ke nan. Na san mutumin da ya shafe watanni yana kuka da motarsa, ashe lafiyarta ƙalau, lissafin ne bai daidaita ba.

A tawa motar, idan komai nata lafiya, ina samun kilomita 10 zuwa 11 a lita ɗaya a cikin gari, a kan hanyar Zariya kuwa ina samun 14 ko fiye idan ban matsa mata ba. Lokacin da ta lalace, da ƙyar take ba ni 7 a cikin gari. Idan lissafinka ya faɗo kusa da wannan, lallai akwai abin da ya kamata a nema.

Ga yadda tawa ta kasance. Wata rana da azahar cikin watan Afrilu, ina cikin cunkoso, allurar zafin inji ta haura sama, na lallaɓa na kai ta wani gareji da ke kusa. Bakaniken ya ce motocin Turai an yi su ne don ƙasar sanyi, kuma akwai wani abu da ake kira tamostat wanda ba shi da amfani a zafinmu. Ya cire shi, ya kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye, yadda da zarar an murɗa makulli za ta fara juyawa ba tsayawa. Zafin ya daina hawa, na yi masa godiya na tafi. Bayan 'yan makonni na ga mai ba ya auki, amma ban haɗa abubuwan biyu ba. Na canza fulogi, na sa an wanke nozul, masu fesa mai a cikin inji, har sau biyu, na canza famfon mai na cikin tanki wanda lafiyarsa lau, duk a banza.

Da hunturu ya shigo, wata safiya na kai yara makaranta na wuce ofis, tafiyar kusan minti ashirin da biyar, sai na lura allurar zafi tana kwance a ƙasa kamar yanzu na tayar da motar. Na sauka na zagaya baya, na ji warin ɗanyen fetur yana fita daga salansa, na sa yatsa a bakinta ya fito baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya. Wani dattijon bakanike da aka haɗa ni da shi bai ko buɗe akwatin kayan aikinsa ba. Ya ce in murɗa makulli kawai, da ya ji fanka ta tashi nan take, sai ya tambaye ni wanda ya cire mini tamostat.

Bayanin da ya yi mini shi ne wanda nake so ka riƙe, domin daga baya na tabbatar da shi. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa kada ya zagaya lagireto har sai inji ya ɗauki zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kuma a irin waɗannan Toyota yakan fara buɗewa ne a wajen digiri 82. Akwai sensa da ke gaya wa kwamfutar motar zafin ruwan, kuma muddin kwamfuta tana ganin inji da sanyi, za ta ci gaba da ƙara masa mai. Duk wanda ya taɓa tayar da janareto ko babur da sassafe ya san cok: ana ja ne inji ya tashi, da ya kama sai a mayar. Motar da aka cire wa tamostat aka bar fankarta tana juyawa tamkar janareton da aka bari a kan cok ne yini guda. Abin ya fi muni ga mai gajeriyar tafiya irinka, domin kafin injin ya yi ɗumi ka riga ka isa. Ban da asarar kuɗi, ragowar man da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, wato a hankali yana cin injin da ake cewa ana kare shi.

Na sayo tamostat a kasuwar Ƙofar Ruwa, aka mayar, aka maido da fanka kan tsarinta na asali. Amma dattijon ya ƙi sakin motar sai da ya gano abin da ya sa ta yi zafi tun farko, kuma a nan ne na ga bambancin gwani da mai neman sallamar ka da wuri. Lagireton ya toshe da tsatsa da farin gishiri saboda ruwan rijiya da nake zuba mata, murfinsa kuma ya saki, ba ya riƙe matsi. Aka wanke shi, aka sa sabon murfi, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Idan ka tarar taka ma an cire mata, kada ka mayar da tamostat ka bar asalin cutar, domin zafin zai dawo, a kuma ce maka ai dama an faɗa maka. Tun daga lokacin ta wuce bazara da yawa a zafin Kano, allurarta tana tsakiya.

Abu na biyu da zan so ka duba shi ne wutar gargaɗin inji da ke kan allon gabanka. Idan ka murɗa makulli kafin ka tayar, dole ta kama tare da sauran fitilun, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kamawa kwata-kwata, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an rufe ta kafin a sayar maka, kuma wannan ya zama ruwan dare. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da mahaɗa a ƙasan sitiyari inda ake jona na'urar bincike, ta karanto abin da kwamfuta ke ƙorafi a kai. Kuɗin wannan binciken bai kai na kaya ɗaya daga cikin waɗanda na canza bisa zato ba.

Abin da binciken ya fi nunawa a harkar shan mai shi ne sensar da ke jikin salansa kusa da inji, mai auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai a nauyi, kuma da wannan sensar kwamfuta ke daidaita awon a kowane lokaci. Idan ta tsufa ko wayarta ta tsinke, kwamfuta takan koma zuba mai da ƙiyasi, kuma ƙiyasinta ya fi karkata ga yawa. A nan ne maganar abin da makanikai ke kira indomi take shigowa, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake farauta saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke cikinta. A fahimtata, rashinta kaɗai ba shi ne ke ninka shan mai ba kamar yadda ake yawan faɗa. Ɓarnar tana zuwa ne daga yadda ake cire ta: a yanka bututu, a yi walda ta gaggawa, a bar kafar da iska ke shiga kafin sensa, ko a ƙona sensar kanta. Sensa ta ga iska ta yi yawa, ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Bayan akwatin matatar iska akwai wata sensa mai siririyar waya da ke auna iskar da ke shiga inji, kuma idan ƙura ta lulluɓe ta sai awonta ya karkace. Toshewar matatar iska ita kaɗai, a mota mai injekta irin tamu, ta fi rage ƙarfi a kan ƙara shan mai. Haɗarin yana wurin matatar jabu, ko wadda aka yi ta busawa da iskar kwamfaresa har ta yage, domin ita ce ke barin ƙura ta wuce. Akwai feshin da aka yi musamman don wanke wannan sensar, kada ka bari a taɓa wayar da burushi ko a wanke ta da fetur. Fulogin da ka canza kuma ka tabbatar lambarsa ita ce ta motarka, domin jabu sun cika kasuwa a cikin kwali mai kyau.

Akwai kuma abubuwan da ke riƙe mota ta baya, inji yana ja suna ja. Bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili a hankali. Wanda ya fi sauran zafi sosai, birkinsa yana kamawa, kuma idan aka ɗaga motar da jak za ka ga tayar ba ta juyawa sakayau. Ya taɓa faruwa da ni a tayar baya bayan damina, wayar birkin hannu ce ta yi tsatsa. Iskar taya kuwa kada ka bar wa mai faci ya auna da bugun hannu. Akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ta rubuta awon da ya dace, a irin motarmu wajen 30 ne a awon psi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Manyan wili da faffaɗar taya suna da kyan gani, amma da mai ake biyan su. Haka baƙin mai: murfin injin tawa 5W-30 aka rubuta, amma a gareji da yawa 20W-50 ake zuba wa kowace mota, mai kaurin da injin ke wahalar juyawa, musamman da safe. Idan kuma giyarka mai canza kanta ce, ka duba ko fitilar O/D OFF tana kunne. Ɗan maɓalli ne a jikin sandar giya, ana danna shi bisa kuskure, kuma yana hana motar shiga giyar ƙarshe, sai ta yi ta kuka a kan titi tana zuƙar mai.

Game da tuƙi, ba zan tsawaita ba. Barin mota tana silo minti goma da safe al'ada ce ta zamanin kafireto, wannan motar minti ɗaya ya ishe ta, sai ka ja ta a hankali ta yi ɗumi a hanya. Zaman jiran yara a ƙofar makaranta da inji a kunne da na'urar sanyi mai ne ke tafiya ba tare da ka motsa ba, kuma ƙaramin inji ya fi jin nauyin na'urar sanyi a cikin cunkoso. Sakin giya a gangara da nufin tsimi ba ya tsimin komai a mota mai injekta, domin idan tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur kwamfuta takan yanke man da kanta, ga kuma haɗarin da ke cikin sakin. Idan kana sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu, lissafinka ba zai taɓa fita daidai ba, domin ba ka da tabbacin awo ko tsabtar abin da aka zuba maka. Ka kuma duba ƙasan inda motar ta kwana, ka shinshina wajen tanki, ko akwai yoyo.

Injin da ya gaji da gaske yana da alamunsa: shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana raguwa kafin lokacin juye, da rashin ƙarfi a hawa. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Ko da akwai su, ana auna matsin kowace silinda da ma'auni kafin a kwance ko da noti ɗaya, kuma kana da haƙƙin ka ce a nuna maka lambobin da idonka.

Gobe da safe in Allah ya kai mu, kafin ka tayar da ita, ka kashe na'urar sanyi, ka murɗa makulli, ka saurara ko fanka ta tashi, ka kuma duba ko wutar gargaɗin inji ta kama. Idan ka isa wurin aiki ka ga inda allurar zafi ta tsaya. Ka dawo mana da waɗannan ukun tare da lissafin litar da ka samu, daga nan za mu san ɓangaren da za a fara buɗewa. Allah ya sa a dace.