Ƙwayar tayrod ba maganin rage ƙiba ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Tun haihuwata ta uku jikina ya ƙi sauka. Wata ƙawata ta ba ni ƙwayar tairoksin, ta ce tana tayar da wani kitse mai ruwan ƙasa da ke ƙona ƙiba. Mako uku ke nan ina sha, yanzu ƙirjina sai bugawa yake, barci ya ƙaurace min. Wallahi hankalina ya tashi. Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam. Malama, ki ajiye ƙwayar nan tun yau, ki je asibiti a auna TSH da T4 a jininki, wato gwajin da ke nuna yadda tayrod (wata 'yar halitta a gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci) ke aiki, a kuma duba bugun zuciyarki. In kika ji ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, kada ki jira gari ya waye, ki nufi asibitin koyarwa da ke Shika.

Kitsen da ƙawarki ta faɗa yana nan. Jarirai na da shi tsakanin kafaɗu, shi ke ɗumama su. A 2009 aka tabbatar manya ma suna da ɗan ragowarsa a wuya da saman ƙashin ƙirji. Idan sanyi ya kama mutum, wannan kitse yakan juya T4, wato sinadarin tayrod da ke cikin ƙwayar tairoksin, zuwa T3, nau'insa mafi ƙarfi, a cikinsa, T3 kuma ta ƙara furotin UCP1, wanda ke mayar da abinci ɗumi maimakon a adana shi. Shi ya sa mai raunin tayrod ke shan wuya da hunturun Zariya, ki gan ta cikin bargo biyu tana rawar ɗari.

Sai dai ƙwayar da kika haɗiya ba ta san hanyar wannan kitse kaɗai ba. Duk inda jini ya je, tana nan. Kafin ta taɓa ɗan kitsen wuya ta riga ta kori zuciya da gudu, ta fara cin tsoka, tana zaizaye ƙashi. Nauyin da ya sauka a sikeli, har da naman jikinki a ciki. Na sha karɓar mata hannu na karkarwa, gumi ya jiƙe hijabi cikin sanyin Janairu, bugun zuciya ya rikice, irin rikicewar da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. In na tambaya, sai a ciro min kwali daga jaka, an sayo a kemis ba takardar likita, ko wata mai kayan mata ta tallata shi a WhatsApp. Abin na ƙona min rai. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi ƙarara a jikin maganin cewa kada a sha shi don rage ƙiba. Ko masu raunin tayrod na gaskiya, nauyin da ciwon ke ƙara musu kilo kaɗan ne, yawancinsa ruwa da gishiri. Masu sayarwa, ku ji tsoron Allah, ran mutum ne a hannunku.

Tairoksin na daɗewa a jini, sai bayan kamar mako guda rabinta ke fita, don haka bugun ba zai lafa nan take ba. Ki tafi da kwalin, ki faɗa wa likita guda nawa kike sha a rana. Bayan haihuwa tayrod kan rikice da kanta, wannan ma a duba miki. Allah ya ba ki lafiya.