Shin Japanawa dila suke bauta wa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana da ke karatu a Japan ya turo min hotunan wani wurin bauta a Kyoto, mai jajayen ƙofofi a jere har kan dutse, ga gumakan dila an ɗaura musu jan ƙyalle a wuya. Dila suke bauta wa ne? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. A'a, ba shi suke bauta wa ba. Wurin nan sunansa Fushimi Inari, kuma ana kai tarihinsa shekarar 711. Wanda suke roƙo a can shi ne Inari, abin bautar shinkafa da yalwar arziki a addininsu na Shinto. Dila, wanda suke kira kitsune, ɗan aikensa ne. Ki sake duba hotunan da kyau, za ki ga wani gunkin da makullin rumbu a baki, wani da zangarniyar shinkafa. Manomi kuwa yana da dalilin ganin mutuncin dabbar da ke cinye masa ɓerayen gona. Ƙofofin nan dubbai, akasarinsu 'yan kasuwa da kamfanoni ne suka bayar, da sunan mai bayarwa a rubuce a bayan kowace.

Amma akwai wani dilan da suke tsoro, kuma labarinsa ya fi kama min hankali. A tatsuniyoyinsu, in dila ya tsufa sai jelarsa ta riƙa ƙaruwa har ta kai tara, ya iya rikiɗa ya zama kyakkyawar mace. Wadda ta fi suna ita ce Tamamo-no-Mae, da aka ce ta shiga fadar Sarki Toba a ƙarni na 12. Sarki ya kwanta ciwo, bokan fada ya tona asirinta, ta gudu zuwa wani yanki na Japan mai suna Nasu, aka bi ta aka harbe ta. Sai kurwarta ta shige wani dutse mai kashe duk abin da ya raɓe shi. Dutsen yana nan har yau, a wurin da iska mai guba ke fitowa daga ƙasa. Da ya tsage biyu a watan Maris na 2022, intanet ta ɗauka cewa dila ta kuɓuce, alhali an daɗe ana ganin tsaga a jikinsa.

In kuma yaron ya ce miki ya ga ana sayar da kitsune udon, kada gabanki ya faɗi, ba naman dila ba ne. Taliya ce da soyayyar awara a kai, don sun ce awara ce abincin da dila ya fi so.