Amsa ga 'yar'uwar da aka mayar mata da takardar haihuwar 'yarta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta abin da kika rubuto, cewa 'yarki mai shekara 17 a gida aka haife ta, ba a taɓa yi mata takardar haihuwa ba, kin je sakatariyar ƙaramar hukuma wani ya karɓi kuɗinki ya kawo miki takarda, da kuka kai ofishin fasfo aka ce ba ita ake nema ba. Wallahi raina ya ɓaci, domin na san zafin a dawo wa mutum da takarda bayan ya kashe kuɗin mota ya yini a layi. Ki yi haƙuri, abin yana da gyara, amma ki gaggauta kafin yarinyar ta cika 18.

Ƙaramar hukuma ba ita ke ba da takardar haihuwa ba yanzu. Tun da aka yi dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa mai lamba 69 ta 1992, aikin yana hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, wato NPC. Abin da ke rikita mutane shi ne, a wurare da yawa ofishin NPC a cikin harabar sakatariyar yake, wani ɗan ɗaki a gefe. Sai mutum ya shiga ƙofa ɗaya ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Ita ƙaramar hukuma takardar shaidar ɗan asali take bayarwa, wadda muke ce wa indijin. Ita ma za ki buƙace ta wajen fasfo, amma ba ta maye gurbin ta haihuwa. Haka katin da asibiti ke bayarwa ranar sallama, shaida ce kawai da za ki kai wa NPC.

Su kuwa waɗannan mutanen da ke tsayawa a bakin ƙofa, Allah ya isa tsakaninmu da su. Da sun hangi mace da yarinya da 'yar jakar takardu sai su taso da fara'a, Hajiya me ake buƙata, kawo in taimaka miki, oga ba ya nan amma ni zan shigar miki. Ba ma'aikata ba ne, ba su da tebur a ko'ina. Za su karɓi suna da ranar haihuwa a kan guntun takarda, su ɓace awa ɗaya, su dawo da abu mai hatimi da sa hannu. Wani lokaci takardar ta jabu ce daga shagon buga takardu. Wani lokaci kuma, wanda ya fi muni, takardar ta gaske ce amma ba a shigar da sunan a littafin rajista ba, don haka lambar da ke jikinta ba ta kai wa ko'ina. A ido ba za ki gane ba. Sai ranar da ake buƙatarta da gaggawa, ranar biza ko ɗaukar aiki ko tafiya karatu, a bincika a ce babu. A lokacin ina za ki ga mutumin? Kuma abin da ya fi ƙona rai, sun fi cin talaka da matan da suka zo daga ƙauye, waɗanda suka sayar da kaza suka yi kuɗin mota. Ba su tausayin kowa. Kuɗin da kika ba shi kada ki ɓata lokacinki wajen bin sa, amma kada ki sake miƙa wannan takardar a wani ofishi, domin idan ta jabu ce ke za a tuhuma, ba shi ba.

To ga abin yi. Ki je da kanki ki tambayi jami'in rajistar haihuwa na NPC, ki shiga ki gan shi a zaune a teburinsa. Idan sakatariya ta yi miki nisa, manyan asibitocin gwamnati da cibiyoyin lafiya da yawa suna da teburin rajista, galibi kusa da inda ake riga-kafi. Ki tafi da yarinyar. Ki riƙe lambar NIN ɗinki, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da ta mahaifinta, domin tun da aka ƙaddamar da rajista ta na'ura a watan Nuwamba na 2023 ana tambayar lambar iyaye. Haihuwar gida ba matsala ba ce, yawancinmu a gida aka haife mu. Abin da suke so shi ne wata shaida da ke nuna ranar: katin riga-kafinta in yana nan, ko katin awonki na lokacin cikin, ko takardar makarantar firamare. Idan duk babu, ki karɓo wasiƙa daga mai unguwa ko dagaci da hatiminsa. Za a cike fom da sunanta, ranar haihuwa, garin da aka haife ta, sunayen iyaye da shekarunsu da sana'arsu.

Maganar kuɗi, doka ta ce rajistar da aka yi cikin kwana 60 da haihuwa kyauta ce. Wadda aka makara irin taki ana iya cajin kuɗin latti, to duk abin da aka ce ki biya ki nemi rasit na hukuma. Wanda ya ce a ba shi a hannu babu rasit, ki san inda kuɗin za su.

Dalilin da na ce ki gaggauta: wanda ya kai 18 ba a ba shi takardar haihuwa ta yara. Sai dai wani babba a dangi, uba ko uwa ko kawu, ya je Babbar Kotu ya yi rantsuwar shekaru a gaban kwamishinan rantsuwa, da hotunan fasfo, sannan a kai wannan takardar ga NPC su ba da takardar tabbatarwa da suke kira atesteshan. Biya biyu, yawo biyu. Mutane da yawa suna tsayawa a takardar kotu su ɗauka sun gama, alhali ita rabin aiki ce.

Yanzu ki saurare ni da kyau a kan suna, don nan ne gidaje da yawa suka shiga wahala ta shekaru. Kafin ki fita daga gida ki ɗauko takardar NIN ta yarinyar in an yi mata, da takardunta na makaranta, ki jera su ki duba harafi bayan harafi. Aisha ce ko Aishatu? Mahaifinta Muhammad ne ko Mohammed? Sunan ƙarshe na uba ne, na kaka ne, ko sunan gari aka saka mata a makaranta? Kada ki bari a rubuta sunan da ake kiranta da shi a gida, irin su Ummi ko Mami, idan ba shi ne na yanka ba. Ki rubuta yadda kike so a takarda da manyan baƙaƙe ki miƙa wa jami'in, kada ki faɗa da baki, domin kowa da yadda yake rubuta sunayenmu. Ranar haihuwa ma haka. Idan abin da kika riƙe shi ne bayan Babbar Sallah da kwana kaza, a zauna a juya shi zuwa kalandar bature tun a gida. Kada a yi saurin cewa 1 ga Janairu don a huta, kuma don girman Allah kada ki yarda wani ya ba ki shawarar rage mata shekaru. Ofishin fasfo da abin da ke cikin NIN yake aiki, idan rana ɗaya ta saɓa za a tura ku gyara a hukumar NIMC mai ba da NIN, kuma gyaran ranar haihuwa a can ya haura naira dubu 20, ban da jiran da ba a san ƙarshensa ba. Wannan saɓanin ne ke hana yara rajistar JAMB a kan lokaci, yaro yana kuka uwa tana kuka.

Idan aka miƙo miki takardar kada ki tashi daga wurin sai kin karanta. Ki duba sunan cibiyar rajista, ƙaramar hukuma, jiha, shekara da lambar shigarwa, duk a cike, da sa hannun jami'i da hatimi. Kuskuren da kika gani a nan take ana gyara shi cikin sauƙi, wanda kika gani bayan wata shida sai da rantsuwar kotu. Ki ɗauki hotonta a waya, ki yi fotokwafi kamar biyar. Ni ba na ba da shawarar a manne ta da roba, domin idan wata rana aka buƙaci buga mata hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja don karatu a waje, robar tana hanawa. Ki sa ta a jakar leda mai zif kawai.

Tunda ba ta kai 18 ba, wajen fasfo za su nemi wasiƙar amincewar iyaye, ki haɗa da ita tun yanzu. Kuma idan tana da ƙanne da ba a yi musu ba, ki kwashe su gaba ɗaya ku tafi rana ɗaya, da sassafe, kafin layi ya yi tsawo ko na'ura ta ce babu sabis. Allah ya sa ku dace, ki dawo ki faɗa mana yadda kuka yi.