Su wa ye Selt ɗin nan da aka ba ɗana aiki a kansu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Yarona yana ajin farko na kolej, mushensu ya ba su aiki wai su rubuto yadda mutanen Selt suke rayuwa a zamanin da, ni kuwa wallahi ban taɓa jin sunan ba sai jiya da ya buɗe kaye yana ta ƙunƙuni. Su wa ye, kuma mi zai ƙara ma yaro ɗan Maraɗi? Daga Maman Abdu, Bagalam, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankali, aikin nan ya fi sauƙi ga ɗan Maraɗi bisa ɗan Paris, zan gaya miki dalili.

Selt jama'a ne da suka bazu a Turai tun wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa, daga Ostiriya har Faransa da Ingila da Ayilan, ba sarki ɗaya suke bi ba, ƙabilu ne barkatai masu harsuna makusanta. Na Faransa su ne Golwa, waɗanda littattafan lekol na zamanin Turawan mulki suke kira kakanni, har iyayenmu ma sun haddace hakan a aji alhali kakanninsu suna Katsina da Gobir. Wannan wani zance ne daban.

Yanzu ki dubi gidansu. A Ingila ɗaki ne zagaye, bangon sanduna da aka saƙa aka yaɓe da laka, rufin ciyawa mai tsini, murhu a tsakiya hayaƙi na bi ta cikin jinka yana fita, to don Allah wannan ba ɗakin kaka ba ne a ƙauye? Suna noman alkama da sha'ir har da wani irin gero, mata na niƙa a dutse, su kaɗa zaren ulu su saƙa tufafi, hatsi kuma wasu a rami suke ajiyewa su toshe baki da laka, wasu a rumbu mai ƙafafu saboda ɓera da danshi. Arziki shanu ne, musamman a Ayilan. Maƙeransu gwanaye ne a ƙarfe, manyansu na sa wani zobe mai kauri na zinariya ko tagulla a wuya. Gishiri ma ya azurta su, a Halshtat ta Ostiriya haƙo shi ake daga cikin dutse ana fatauci, kamar dai yadda ayarin Bilma ke kawo mana kantu.

Abin da ya fi burge ni malamansu ne, Duruwid, su ne alƙalai su ne masu tsafi su ne masu koyarwa, kuma ba su yarda a rubuta iliminsu ba, hadda ce zalla, Juliyas Siza, jagoran yaƙin Rumawa, ya ce wani almajirin sai ya shekara 20 yana koyo. Sai dai a lura, shi Siza ɗin abokin gabarsu ne, shi ya ci ƙasar Golwa da yaƙi, ya kama jagoransu Basinjetoriks a garin Alesiya shekara ta 52 kafin haihuwar Annabi Isa, don haka ba duk abin da ya faɗa za a haɗiye ba, yawancin sauran labarin daga tonon ƙasa na masu binciken tarihi aka samo shi.

Ba su ƙare ba fa, har yau ana jin harsunansu a Ayilan da Wels da yankin Biretan na Faransa.

Shawarata ranar Lahadi ki kai Abdu ƙauye in kuna da dangi kusa, ko Tibiri ma ta isa, ya tsaya gaban maƙeri ya ga zuga-zugi, ya leƙa rumbu, ya taɓa dutsen niƙa, sai ya raba shafin kayensa biyu, gefe guda Selt gefe guda mu, ya rubuta inda aka yi daidai da inda aka saɓa. Kada ki manta ki ce ya sa alade a gefensu, don suna kiwonsa sosai.